Abin da aka tsayar kan lemo mai ƙanƙara a zafin Legas

Jama'a, ga abin da na tattaro daga shawarwarin da aka bayar kan yadda za a haɗa lemo mai sanyi:

1. Kusan kowa ya yarda a daskarar da 'ya'yan itacen kansu maimakon a sa ƙanƙara. A yanka kankana ko abarba, a cire ƙwallaye, su kwana a firiza, sannan a markaɗa da zoɓo mai sanyi. Ƙanƙara in ta narke, lemon salancewa yake.

2. A sa ɗanyar citta kaɗan, a matse rabin lemon tsami.

3. An rabu kan zaƙi. Wasu sukari, wasu jiƙaƙƙen dabino. Ni dabinon na fi so, yana ƙara kauri.

4. In babu wuta, 'yan unguwar Agege sun ce a sayo ƙanƙarar leda. Wasu suka ce ba a san ruwanta ba, a kewaye gorar lemon da ita a cikin kula (akwatin riƙe sanyi) kawai.

5. Ana samun abarba a kasuwar Mile 12.