Yaya zan kare fentin Hilux ɗina daga tsakuwar hanya?

Abu Sadiƙ, Gombe:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Wata bakwai ke nan da na sayi farar Hilux, kuma aikina yana sa ni bin hanyar Gombe zuwa Bajoga kusan kowane mako, ban da shiga gona ta wajen Dadin Kowa, inda kwalta take ƙarewa a koma kan burji. Da na wanke motar a makon jiya sai na ga gaban bonet ya cika da ƙananan ramuka kamar an caccaka shi da tsinke, haka ma ƙasan ƙofofi da gefen bodi dab da tayoyin baya. Uku daga cikin ramukan sun fara yin ja, alamar tsatsa ta kama. Wani mai wankin mota ya ce in sa a shafa mata abin da ake kira siramik, wani abokina kuma ya ce in sa a manna mata leda marar launi. Ban yi niyyar sayar da motar nan kusa ba, saboda haka ina son abin da zai daɗe. Wanne ya fi dacewa?

Malam Mai Fenti, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiƙ. Fenti sana'ata ce, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka ajiye maganar siramik da leda tukuna, ka fara da ramukan nan uku da suka yi ja. Fentin da mota take fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe ya hana shi tsatsa, akwai mai launi, a yawancin motoci kuma akwai mai sheƙi a sama, amma duka kaurinsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kamar kaurin gashin kai. Idan tsakuwa ta huda har ta kai ga ƙarfe, ruwa yana shiga, tsatsa ta riƙa ci ta ƙarƙashin fentin da ke kewaye da ramin har ya kumbura ya ɓare. A lokacin hunturu abin yana tafiya a hankali saboda iska a bushe take, amma da zarar damina ta sauka, ramin da bai kai ƙwayar gero ba zai iya zama tabon da sai an kankare wurin duka.

Gyaran ba shi da wuya. Ka duba jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin wurin inji, za ka ga wani ɗan allo da aka rubuta lambar launin motar. Farin Toyota da aka fi gani lambarsa 040 ce, amma ka tabbatar da taka, domin fari iri-iri ne. A kankare tsatsar da ke cikin ramin kaɗai, a goge da sinadarin da ke cire maiƙo, a ɗiga fentin ƙasa da kan tsinke, idan ya bushe a ɗiga mai launi sau biyu ko uku har ramin ya cika. Kada ka yarda wani ya ce sai an fesa bonet ɗin gaba ɗaya saboda ramuka uku, domin fentin kamfani an gasa shi da zafin da mu ba mu da shi a gareji, kuma wanda za mu fesa ba zai kai shi ƙarfi ba.

Shi kuwa siramik yana da amfaninsa: yana sa ruwa da laka su zame, yana sauƙaƙa wanki, yana kuma rage dusashewar launi a rana. Amma ya fi fentin kansa siranta nesa ba kusa ba, don haka ba zai tare dutsen da ya taso da gudu ba. Duk wanda ya ce maka zai tare, kuɗinka yake so.

Baban Ummi, Kaltungo:

Malam ya gama magana a kan fenti, ni ta ɓangaren tuƙi zan ƙara, domin na shafe shekaru ina jan a-kori-kura tsakanin Gombe da Yola. Ramukan da ke motarka ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Na gaban bonet, motar da ke gabanka ce ta watso maka, musamman tifa mai ɗauke da tsakuwa ba tare da an rufe ta da tamfol ba, da tirelolin siminti da ke fitowa daga Ashaka, waɗanda kai da ke bin hanyar Bajoga ba ka rasa haɗuwa da su. Tayoyinsu na baya biyu-biyu ne, dutse yana maƙalewa a tsakaninsu, sai an ɗauki gudu ya fito kamar an harba shi da gwafa. Idan kana bayansu ka ja da baya sosai, idan kuma za ka wuce, ka wuce gaba ɗaya, kada ka daɗe a gefen tayarsu. Gudu ma yana da hannu, domin idan gudun da dutse ya same ka da shi ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunsa ninkawa yake yi sau huɗu.

Na ƙasan ƙofa da gefen bodi kuwa, tayoyinka ne da kansu suke yi maka. Ka leƙa ka ga ko robar nan da ke rataye a bayan kowace taya tana nan, domin burji yakan yage ta mutum bai sani ba. Idan ka canza taya zuwa mai manyan haƙora, ko mai faɗin da ya fito waje da bodi, to ita ce ke tsintar tsakuwa tana jifan motar da ita.

Injiniya Ɗan Bauchi:

Ni na sa ledar, shekara biyu ke nan, kuma ina ganin kada a yi mata kallon abin ado. Ledar ta gaskiya roba ce mai taushi, kaurinta kusan kashi biyu cikin goma na milimita, wato ta ninka fentin, kuma taushin nan ne ke shanye bugun dutse. Ina yawan bin hanyar Bauchi zuwa Alkaleri, kuma inda aka manna ta babu rami ko ɗaya, alhali saman gilashin gaba da na bari a buɗe ya sami biyu. Sai dai akwai abin lura. Siririyar sitikar da ake canza wa mota launi da ita daban ce, ba ta da wannan kauri, kuma mai arha takan koma ruwan ɗorawa ta tsattsage a zafin watan Maris da Afrilu, wanda a kan farar mota nan take ake gani. Ba kuma sai an rufe motar duka ba. Bonet, gaban gefunan da ke kewaye da fitilu, bayan madubai da wurin da ke gaban tayar baya sun isa. Ka nemi ganin motar da mai aikin ya yi wa tun bara kafin ka ba shi taka, ka dubi bakin ledar ko ƙura ta shiga ta ɗaga ta.

Abu Sadiƙ, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fita na duba, robar bayan tayar gaba ta hagu babu ita, kuma gefen hagun ne ya fi lalacewa. Malam Mai Fenti, idan an cike ramukan, za a iya manna ledar nan take?

Malam Mai Fenti, Bauchi:

A'a, ka dakata kamar wata guda, domin sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadarin da aka dama shi da shi, idan aka rufe shi da wuri sai leda ta yi ƙuraje, ko kuma ta ɗebo fentin ranar da za a cire ta. Robar tayar kuwa ka sa ta gobe. Ƙasan ƙofofin ban ga dalilin kashe musu kuɗin leda ba: akwai fenti mai kauri kamar roba da muke fesawa a wurin musamman don tsakuwa, ana iya bin sa da farin motar, kuma idan ya ci duka ana sake shi cikin sauƙi. Kafin watan ya cika, ka hana yaran wanki goge ta da busasshen tsumma idan ƙurar hunturu ta kwanta a kai, su fara kwarara ruwa tukuna, kuma su bar garin sabulun wanki su yi amfani da na mota.