Cibiyar ɗan maraƙina ta kumbura, ina neman shawara

Mai kiwo a Hotoro: Assalamu alaikum. Ina da shanun madara a bayan gida, ruwa biyu ne, Bunaji da Firiziyan. Ɗaya ta haihu cikin dare ana tsaka da ruwan sama. Yau kwana shida, cibiyar maraƙin ta kumbura, akwai zafi, in na taɓa sai ya zabura, ga wani ruwa mai wari yana fita. Tsotson ma ya ragu. Bara da damina na rasa wata maraƙa, ita ma da cibiya ta fara, daga baya gwiwoyinta suka kumbura ta kasa tashi. Ga wata saniyar tana gab da haihuwa. Don Allah me ke kawo wannan, kuma me zan yi?

Dattijo mai shanu, Kumbotso: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ɗana, ka fara duba inda ta haihu. Saniyar daji kan busasshiyar ƙasa take haihuwa, uwa ta lashe, rana ta busar. Taku ta gida a turke ɗaya take kwana take tashi, kashi da fitsari sun zama caɓi. Mu dai toka muke barbaɗawa.

Likitan dabbobi: Baba ya faɗi gaskiya a kan wurin haihuwa, nan ne tushen abin. Toka ce kawai zan roƙi a bari, ranka ya daɗe, domin ba ta kashe ƙwayar cuta, sau da yawa ma ita ke shigar da datti. Haka baƙin mai da kashin shanu.

Malam, cibiyar da ba ta bushe ba ƙofa ce a buɗe zuwa cikin maraƙi. A cikinta akwai jijiyar jini da ta nufi hanta kai tsaye, da wasu biyu, da wata hanya da ke haɗe da mafitsara. Idan ya kwanta a caɓi, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi su bi nan su shiga. In aka yi sa'a su tsaya a waje su tara mugunya. In ba haka ba su kai hanta, ko su bi jini su sauka a gaɓoɓi. Abin da ya sami maraƙarka ta bara ke nan, kuma idan ya kai gwiwa maganinsa yana da wuya, yana da tsada.

Wannan na yanzu kada ya kwana bai ga likita ba. Ka kai shi asibitin dabbobi na Gwale ko wanda ya fi kusa da kai. Ka auna zafin jikinsa, in ya haura digiri 39.5 a ma'aunin Celsius zazzaɓi ne. Ka kuma buɗe cibiyar da kyau ka duba tsutsa, lokacin ƙuda ne.

Wani ɗan zaure: Ni a ganina a tsaga da sabuwar reza a matse, a yi masa allurar nan mai dogon zango, shi ke nan.

Likitan dabbobi: A'a ɗan'uwa, kada a tsaga. Wani kumburin ba mugunya ba ce, hanji ne ya leƙo ta ramin cibiya. Shi yana da laushi, in ka danna a hankali sai ya koma ciki. Wani lokaci ma duka biyun ne a haɗe. Reza ta taɓa hanji, an rasa maraƙi. Allura ɗaya kuma ba ta isa, ana yin kwanaki a jere, kuma ba a tsayawa don an ga ya fara tsotso.

Hajiya mai kiwo, Sharaɗa: Alhaji, ina da tambaya ɗaya: yaushe maraƙin ya sha dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa? Ka ce da dare aka haife shi. Abin da ke damuna da haihuwar dare ke nan, sai gari ya waye ake lura bai kama nono ba. Su ruwa biyun nan hantsarsu babba ce, ta yi ƙasa, jariri sai ya yi ta lalube bai samu ba. Ni in saniya ta kusa, ɗaki nake ware mata, a share, a zuba busasshen ƙaiƙayin shinkafa, ana sauyawa da zarar ya jiƙe. In ya faɗo bai sha ba, a tatsa a ba shi a kwalba. Kuma ina raba shi da sauran maruƙa, don suna tsotsar cibiyar juna.

Likitan dabbobi: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maraƙi ba ya samun garkuwar jiki daga uwa tun yana ciki, sai ta dakashi. Hanjinsa ya fi karɓarta a awanni shida na farko, bayan awa 24 kuwa kusan ya rufe. Ana so ya sha kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 30 ya sami lita 3, a raba masa sau biyu.

Mai kiwo a Hotoro: Na gode ƙwarai, zan kai shi yanzu in sha Allah. Likita, wane irin aidin zan tanada na sa wa cibiya saboda mai shirin haihuwar? Ina da feshin nan mai shuɗi.

Likitan dabbobi: Feshi waje kawai yake shafa. Ka nemi aidin mai ƙarfin kashi 7, wanda ke da sifirit, shi ke busar da cibiya da wuri. Zuba kaɗan a ƙaramin kofi mai tsabta, ka tsoma cibiyar gaba ɗaya har fatar ciki da zarar an haife shi, ka zubar da ragowar. Ka sake bayan awa 12. In igiyar ta yi tsawo tana jan ƙasa, a rage da almakashi mai tsabta a bar kamar faɗin yatsu huɗu. Daga nan kullum ka taɓa da hannu mai tsabta har ta bushe ta faɗi. Idan ka dawo daga asibiti ka sanar da mu abin da suka gani.