Ɗan tsako guda ɗaya a ɗaki lokacin hunturu: abin da na ji a majalisa

Jama'a ga abin da na tattaro jiya a majalisarmu ta Agege a Legas kan ɗan tsakon nan da uwarsa ta mutu ta bar min, tun da hunturu ya shigo yake cikin kwali a ɗakina, kwana yake yana tsiyau tsiyau har tausayi yake ba ni.

Kusan kowa ya ce kaɗaici ne ke damunsa, don kaza ba ta zama ita kaɗai. Wani dattijo mai sayar da kaji a kasuwar Mile 12 ya ce min "ɗana, nemo masa 'yan uwa biyu sa'anninsa", amma kar in kai shi cikin manyan kaji, za su tsattsage shi. Kafin in samo, in sa masa ƙaramin madubi da tsumma mai laushi ya riƙa shigewa ƙarƙashi kamar fuffuken uwarsa. Na gwada, wallahi yanzu a jikin madubin yake barci.

Inda aka fi daɗewa shi ne ɗumi. Satin farko yana son wajen digiri 35, sai a riƙa rage kamar 3 duk sati har gashinsa ya cika wajen sati 6. A rataya ƙwan fitila a gefe ɗaya na kwalin saboda in zafi ya yi yawa ya matsa, in an ɗauke wuta kuma a cika gora da ruwan zafi a naɗe da zani. Wani ya ce gawayi, ni dai ban yarda ba, a ɗaki rufe hayaƙinsa har mutum yake kashewa.

Ruwan sha a murfi mara zurfi, a zuba tsakuwa ciki kar ya faɗa ya jiƙe. Gobe da sassafe zan je neman abokan nasa in sha Allah.