Duba tsofaffi a gida: shawarwarin ma'aikatan lafiya

Ma'aikatan lafiya masu zagaya unguwanni sun tattauna yadda ake duba tsofaffi a gidajensu, kuma awon hawan jini ne ya fi ɗaukar hankalinsu. A bar tsoho ya zauna ya huta na minti 5, ƙafafu a ƙasa, dantse daidai da ƙirji. Idan maɗaurin na'urar awon ya yi wa dantsen kaɗan, awon zai haura gaskiya. Ba a cewa mutum yana da hawan jini sai an ga 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban. A sake aunawa yana tsaye: in lambar sama, wato ta farko a awon, ta sauka da 20 ko fiye, to mai yiwuwa ga tushen jirin da ke kayar da Baba a banɗaki da asuba.

Sai magani. A sa a zazzage ledar gaba ɗaya a kan tabarma, har da na gargajiya, domin sau da yawa ƙwaya ɗaya ce ake sha da suna biyu. Kumburin idon sawu kan zo daga amlodipine, wani maganin hawan jini, ba lallai zuciya ba. Glibenclamide kuwa, wani maganin ciwon sukari, yana iya sauke sukarin tsoho fiye da kima, musamman a azumi, don haka a koya wa mai jinya alamun: gumi, rawar jiki, ruɗewa.

Mai ciwon sukari a cire masa takalmi a leƙa tsakanin yatsu kowace ziyara ko akwai rauni. Wanda ya kasa tashi daga kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba dafawa, a tura shi asibiti a ƙara bincike.