Muhawara: Shin lokaci ya yi da Masako Nozawa za ta ajiye muryar Goku?

Auwalu: Jama'a, Masako Nozawa, wadda aka haifa a Tokyo a 1936, ita ke ɗora wa Goku, jarumin wasan katun na Dragon Ball, murya tun da aka fara haska shirin a talabijin ɗin Japan a 1986, kuma har a Dragon Ball Daima na 2024 ita ce dai. A ganina ya kamata ta miƙa aikin ga mai jini a jika tun tana da ƙarfin zama kusa da shi ta koya masa, domin ihun da Goku yake kurmawa a fagen daga ya fi ƙarfin maƙogwaron wadda ta doshi shekara 90.

Hajiya Rabi: Malam Auwalu, da kunne ake auna wannan sana'a, ba da takardar haihuwa ba. Marigayi Akira Toriyama, mai labarin, shi da kansa ya zaɓe ta bayan ya saurari muryoyin waɗanda suka zo gwaji. Kuma ba Goku kaɗai take yi ba, ita ce 'ya'yansa Gohan da Goten, ita ce mahaifinsa Bardock, kuma an san ta da ɗaukar hirar uba da ɗa a tsayuwa guda gaban makirufo, tana sauya murya daga wannan layi zuwa wancan. A 2016, tana dab da shekara 80, ta ƙara da Goku Black, mugu mai magana a natse cikin ladabi da izza, wanda ko kaɗan bai yi kama da Goku mai maganar ƙauyanci ba. Ka nuna mana inda muryar ta gaza tukuna.

Sani: Hajiya, ba a jiran sai ta gaza. Lokacin da Yasuo Yamada mai muryar Lupin, jarumin wasan katun na Lupin III, ya rasu a 1995, ɗan barkwancin da ya yi suna wajen kwaikwayonsa, Kanichi Kurita, aka ɗauko ya cike gurbin. Hiromi Tsuru mai muryar Bulma, abokiyar Goku, ta rasu farat ɗaya a Nuwamban 2017 ana tsakiyar haska Dragon Ball Super. Su kuwa masu wasan katun na Doraemon shiri suka yi: a 2005 Nobuyo Oyama mai muryar Doraemon ta sauka bayan shekara 26, Wasabi Mizuta ta karɓa, aka yi ta guna-guni, amma yaran da suka taso daga baya muryar Mizuta suka sani.

Hajiya Rabi: Ƙanina, misalin Doraemon bai zauna ba, saboda a can an sauya manyan 'yan wasan baki ɗaya tare da salon zanen, aka buɗe sabon shafi. Sannan Nozawa ba mai ƙanƙame aiki ba ce. Ita ce ta fara yin muryar Kitaro, jarumin wasan katun na GeGeGe no Kitaro, a 1968, wasu mata suka gaje ta a jerin da suka biyo baya, sai ga ta a 2018 ta dawo a matsayin mahaifin Kitaro, wato Medama-oyaji, wanda Isamu Tanonaka ya riƙe har rasuwarsa a 2010.

Bashir: Ni ina zargin yawancin masu cewa ta sauka da fassarar Turanci suka taso, inda Sean Schemmel ke yi wa Goku babba muryar namiji, shi ya sa ta Nozawa ke musu banbaraƙwai. A Japan kuwa mace ta yi muryar jarumi namiji ba baƙon abu ba ne, domin Mayumi Tanaka ce Luffy, jarumin wasan katun na One Piece, tun 1999, Junko Takeuchi kuma ita ce Naruto. Abin da ya fi damuna shi ne a 2024 kamfanin da ke wakiltarta, Aoni, ya ƙulla yarjejeniyar sarrafa muryarta da fasahar kwamfuta cikin wasu harsuna, ko da yake an ce ba don wasan katun ba ne.

Auwalu: To ai Malam Bashir, nan ne hujjata ta fi ƙarfi. Idan ba a raini magaji ba tun tana raye, ranar da gurbin ya buɗe kwaikwayon na'ura ne zai fi wa masu kuɗin shirin sauƙi. Hajiya, na yarda muryar ba ta gaza ba, to ta riƙe Goku, amma me zai hana ta saki Goten ko Gohan ga wani a shiri na gaba?