Shin sauyin adireshin IP yana karkatar da agogon kwamfuta?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin da nake sayen intanet a wurinsa yana sauya adireshin IP na rautata kusan kowane dare, kuma na lura agogon wata tsohuwar kwamfuta mai Linux da ke gidan yana ƙara yin baya kullum. Shin sauyin ne ya jawo haka?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya sauyin ya zama sanadi. Tsarin NTP, wato hanyar da kwamfuta ke daidaita agogonta ta intanet, wanda David Mills ya fito da shi a 1985, ba ya riƙe haɗi a buɗe: kwamfuta tana aika ɗan saƙo ta ƙofa ta 123 a kan UDP (hanyar aika saƙo ba tare da an fara ƙulla haɗi ba), sabar, wato kwamfutar da ke ba da lokaci, ta mayar da amsa zuwa adireshin da saƙon ya fito, shi ke nan. A bisa al'ada ana yin wannan tambaya ne bayan daƙiƙa 64 zuwa 1024, saboda haka ko sauyin ya faɗo a daidai lokacin, amsa ɗaya kawai za ta salwanta. Bugu da ƙari, kwamfutarka tana bayan rauta da adireshin cikin gida mai farawa da 192.168, ba ta ma san an sauya komai ba. Ina zargin ta daina daidaitawa ne gaba ɗaya, domin agogon da ya kauce da kashi 20 cikin miliyan yana asarar kusan daƙiƙa 1.7 a kowace rana.

Dattijo:
Na yarda da Injiniya, amma akwai inda gizo ke saƙa. Tsohon ntpd, wato manhajar da ke gudanar da NTP a Linux, yana neman adireshin sabar ne lokacin da ya tashi, idan kuwa ya tashi rautar ba ta gama haɗuwa ba, yana iya zama babu wanda yake tambaya. Ka rubuta ntpq -p ka duba layin reach: 377 na nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa. Wanda sauyin adireshi ke hana wa aiki da gaske shi ne mai son sa sabar tasa cikin pool.ntp.org, tarin sabar ɗin da ke ba jama'a lokaci, domin can sai da tsayayyen adireshi.

Mai Neman Sani:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, sifili na tarar. Na maye gurbin ntpd da chrony, wata manhajar daidaita agogo, na sa iburst don ta yi tambayoyin farko da sauri, agogon ya daidaita kafin in gama rubuta wannan amsa. Zan sake dubawa gobe da safe bayan adireshin ya sauya.