Na'urar rumbun dankali ta ba ni wahala: yaya zan sa kwamfaila ta riƙa tsayar da ni?

Ibrahim: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Kun san na'urar auna zafi da nake haɗa wa wani mai rumbun dankalin turawa a Bokkos. Mai aunawa ATmega328P ce, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura (microcontroller), tana tura saƙo ta LoRa, hanyar rediyo mai cin dogon zango. Da can mai karɓa ma irinta ce, komai lafiya lau. Daren da zan tafi na sauya mai karɓa zuwa STM32F103, na ga fitila tana ƙiftawa alamar saƙo na shiga, sai na kwanta. Da na isa can da sanyin safiya, mai rumbu na tsaye a kaina da rigar sanyinsa, allo ya dinga nuna lambobi marasa kan gado. Kwana biyu ina zargin eriya da batir. Ashe struct ɗin da nake turawa, wato ƙunshin bayanai mai filaye uku, uint8_t (bayit 1) da uint32_t (bayit 4) da int16_t (bayit 2), bayit 7 ne a ATmega, a STM32 kuma 12. Abin ya ƙona min rai, don mutumin nan ya yarda da ni. Me kuke amfani da shi don kwamfaila (compiler, mai mayar da kod zuwa manhajar na'ura) ta kama irin wannan tun a shago?

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena. ATmega ba ta damu da daidaita adireshi ba, kowane bayit na bin ɗan'uwansa. ARM kuwa, wadda aka gina STM32 a kanta, tana son uint32_t ya fara a adireshin da 4 ke rabawa, shi ya sa aka cusa bayit 3 bayan na farko, aka ƙara 2 a ƙarshe. Maganin tambayarka yana cikin harshen C kansa tun bugun C11. A ƙarƙashin struct ɗin, cikin fayil ɗin .h da ɓangarorin biyu ke ɗauka, ka rubuta:

_Static_assert(sizeof(struct sako) == 7, "girman sako ya canza");

Da ka yi haka, daren nan kwamfaila za ta ƙi haɗa na STM32, ta buga maka wannan jimlar. Ba ya cin ko bayit ɗaya a filashi, don ba ya shiga cikin manhajar da ake ɗora wa na'ura.

Ibrahim: Yallabai, ɓangaren ATmega da Arduino na rubuta shi. Zai karɓa?

Maryam: Arduino C++ ne, ba C ba. A can sunansa static_assert, tun C++11. Tunda fayil ɗaya ne ɓangarori biyu ke ci, ka yi ƙaramin makro naka: idan an ayyana __cplusplus ya zama static_assert, in ba haka ba _Static_assert. Layi biyar ne. A C23 an daidaita su, static_assert ya zama kalmar harshe, saƙon ma ba dole ba ne, kamar yadda C++17 ta yi. Amma ni ban yarda a bar saƙon ba. Wanda zai gaji aikin bayan shekara biyu shi zai ci amfaninsa.

Malam Garba: Ku yi haƙuri in sa baki. Ba kowa ke da sabuwar kwamfaila ba. Ni har yanzu ina gyaran inbata da tsofaffin alluna waɗanda kwamfailarsu C90 kawai ta sani. Abin da muka taso da shi:

typedef char tabbaci[(sharadi) ? 1 : -1];

Idan sharaɗin ƙarya ne, girman jeri (array) ya zama -1, kwamfaila ta ƙi. C_ASSERT na Windows ma a kan wannan dabarar aka gina shi. Shekara da shekaru yana min aiki.

Injiniya Sani: Gaskiya ne Malam, mu ma a wurinku muka koya. Sai dai a faɗa wa yara ramin da ke cikinsa. Tun C99 an yarda da jerin da ba a san girmansa ba sai manhaja na gudu. To idan ka sa wannan dabarar cikin fankshin, kuma sharaɗin bai zama tabbatacciyar ƙima ba, kwamfaila ba za ta ce uffan ba. Za ta ɗauka irin wancan jerin kake so, ta wuce. Kai kana ganin ka sa mai gadi, alhali ƙofa a buɗe take. _Static_assert kuwa in ka ba shi abin da ba a sani ba lokacin haɗawa, nan take zai yi ƙorafi.

Malam Garba: Haka ne. Shi ya sa nake ajiye nawa a wajen fankshin, can ba a yarda da irin wannan jerin ba. Kuma sai ka liƙa __LINE__ a sunan, in ba haka ba na biyu ya yi karo da na farko a tsohuwar kwamfaila.

Maryam: Kuma saƙon kuskurensa ba ya taimakon baƙo. Zai ce girman jeri ya gaza sifili, yaro ya yi ta neman jerin da babu shi. Malam, a sa sharhi a gefensa don Allah.

Abba: Ni ɗalibi ne, ina karanta kod ɗin Linux. Na ga BUILD_BUG_ON ko'ina. Ba gara Yaya Ibrahim ya kwafo shi ba?

Injiniya Sani: Ka karanta shi, yana cikin include/linux/build_bug.h, akwai darasi sosai. Amma kada ka kwafo. Na farko, a juye yake: BUILD_BUG_ON yana tsayar da haɗawa idan sharaɗin gaskiya ne, static_assert kuma idan ƙarya ne. Na taɓa ganin wanda ya mayar da ɗaya zuwa ɗaya bai juya sharaɗin ba. Na biyu, cikin fankshin kawai yake zama, ba za ka iya ajiye shi ƙarƙashin struct ba. Na uku, wanda ake amfani da shi yanzu ya dogara da kwamfaila ta share kiran wani fankshin da aka yi wa alamar error, wato yana jingine da GCC ko Clang da kuma kunna ingantawa. Su kansu sun ƙara static_assert a wannan fayil ɗin.

Wanda ya fi burge ni a can shi ne BUILD_BUG_ON_ZERO. Yana ba da sifili idan lafiya, don haka ana iya tara shi cikin lissafi. Da irin wannan dabarar ARRAY_SIZE, makron ƙirga abubuwan da ke cikin jeri, ke kama wanda ya miƙa masa manuni (pointer) a maimakon jeri. Wannan kuskure ne da ke wucewa shiru a kod ɗin mutane da yawa, don sizeof zai ba ka girman manunin, lissafi ya fita, amsa ta zama shirme.

Abba: Na gode Yallabai. To me ya hana a yi da #if da #error kawai?

Maryam: Matakin da ke karanta #if yana gudu kafin a san nau'o'i. Bai san sizeof ba, bai san enum ba. Abin haushin ma, sunan da bai sani ba sifili yake ɗaukarsa ba tare da ya tanka ba, sai ka kunna -Wundef. Ka bar #error wa abin da aka ayyana da #define.

Hauwa: Masu Zephyr kuma BUILD_ASSERT ke gare su, masu FreeBSD CTASSERT. Idan aikinka na cikin gidan wasu, yi amfani da nasu.

Amma Ibrahim, ina da magana a kan asalin matsalar. Girma kaɗai bai isa ba. Wani zai iya musanya filaye biyu, girma bai motsa ba, saƙo ya lalace. Ka haɗa da offsetof na stddef.h, mai faɗin bayit ɗin da fili ke farawa a kai, layi ɗaya ga kowane fili. Sannan ka sake jeri: uint32_t a gaba, int16_t, uint8_t, ka ƙara wani uint8_t na ajiya. Bayit 8 ke nan a duka biyun, ba ciko ko ɗaya. Sai ka tabbatar uint32_t na kan bayit 0, int16_t na kan 4, uint8_t na kan 6.

Ibrahim: Anti Hauwa, ni da na yi niyyar sa packed, mai hana kwamfaila cusa ciko, in huta.

Hauwa: Zai yi aiki a F103 ɗinka, don Cortex-M3 da ke cikinsa na jure karatun da bai daidaita ba. Ran da ka koma Cortex-M0 saboda araha, ka ɗauki manunin filin da ke karkace ka miƙa wa wani fankshin, na'ura za ta faɗa HardFault, wato ta tsaya cak, tana can cikin rumbu, kai kana Bukuru. Ni abin da ke bi ta iska ko ta waya, bayit bayit nake jera shi da hannu. Wannan kuma yana raba ni da damuwar wane bayit ke gaba, ko da yake naka biyun duk ƙaramin bayit suke sa wa a gaba.

Malam Garba: Ka duba kuma ko akwai int tsirara a wani wuri. Bayit 2 ne a ATmega, 4 a STM32.

Maryam: Wani abu da zai iya ruɗa ka a fayil ɗin da kuke rabawa: const int GIRMA = 8 zai wuce a static_assert na C++, amma a C ba a ɗaukarsa tabbatacciyar ƙima. Yi shi da enum ko #define.

Ibrahim: Na gwada yanzu. Na bar tsohon struct da gangan, na sa layin da ke tabbatar da bayit 7, ɓangaren STM32 ya ƙi haɗuwa, ga saƙona ɓaro-ɓaro da Hausa. Na sake jeri yadda Anti Hauwa ta ce, na mayar da shi 8, duka biyun sun wuce. Malam, na kuma samu int guda ɗaya a lissafin batir, na mayar da shi uint16_t. Allah ya saka da alheri. Asabar zan koma Bokkos in sha Allah. Wa ke da USB zuwa UART da zai ara min? Nawa ya ƙone.

Injiniya Sani: Akwai CP2102 a wurina. Ka biyo ta Terminus gobe bayan La'asar, ka taho da allon mai karɓar mu ɗora masa tare.